Tsohuwar mota mai ɗingishi: a gano ciwo kafin a zuba jari

Maganarmu ta yau ta mota ce, amma gindinta jari ne, don duk wanda ya taɓa tayar da tsohuwar mota ya san yadda take haɗiye kuɗin kasuwa ba tare da an ga inda suka shiga ba. A Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, motocin da aka jingine bisa duwatsu shekara da shekaru ana ta janyo su zuwa garaji. Wani Alhaji ne yake son motar ɗaukar kaya zuwa kasuwannin ƙauye, wata Hajiya ce ta kwashi adashe ta ce bari ta tayar wa ɗanta motar da mahaifinsa ya bari, wasu kuma mata ne suka haɗa kuɗi don su huta da jiran motar haya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta ƙara yi wa talaka nisa, muka dogara ga ƴan Kwatano. A 2023 kuma aka rufe iyakarmu da Benin, kayan da aka saba ɗaukowa ta Gaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo, kuɗi suka ƙaru. Shi ya sa ido ya koma kan abin da ke cikin gida. Kuma da tsohuwar zuma ake magani. Peugeot 504, wadda aka fara ƙerawa a Faransa a 1968, aka kuma ci gaba da haɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, mota ce da kusan kowane tsohon makaniki a ƙasar Hausa ya san cikinta. Haka tsofaffin Toyota, Hiace da Corolla da Starlet, sun yi mana bauta, kuma da yawansu da sauran ƙarfi.

To, ga inda matsala take farawa. An sa batir, an zuba esansi, an tura, mota ta tashi. Amma inji yana girgiza, salansa tana tari, in aka ba ta wuta sai ta yi kamar za ta shiɗe sa'annan ta fizga. Makanikanmu suna cewa inji yana rate, na ƙetaren iyaka su ce mota tana misin, direbobi kuma su ce tana ɗingishi. A nan ne mai mota yakan ji ɗaya daga cikin magana biyu. Ko a ce masa ya sayo buji, in bai yi ba ya sayo waya, in bai yi ba ya sayo bobin, haka har karbirater. Ko kuma a taƙaita masa a ce: “Alhaji, sai an sauke inji.” Ra'ayinmu shi ne kada a sayi ko ƙusa ɗaya, kada a kwance komi babba, sai makaniki ya nuna wace silinda ce ba ta aiki da kuma dalilin da ya sa. Kuma mu masu mota mu yarda mu biya shi kuɗin wannan bincike dabam, kamar yadda ake biyan awo a asibiti kafin a je sayen magani.

Bari mu fara da yadda injin yake aiki, don wanda bai san abu ba ba ya iya ciniki a kansa. Mata sun san lugude. Mata huɗu a kan turmi ɗaya, kowace tana sauke taɓaryarta a lokacinta, sautin yana tafiya daidai. In ɗaya ta gaji ta tsallake nata bugun, ko daga bayan katanga za a ji luguden ya karye. Yawancin motocinmu silinda huɗu gare su, kuma haka suke karɓa-karɓa: ta 1, ta 3, ta 4, sa'annan ta 2. A cikin kowace silinda fistan yana zuƙo esansi gauraye da iska, ya matse su, buji ya ƙyasta wuta, su kama da ƙarfi su tunkuɗa fistan ƙasa. Idan inji yana juyi 3000 a minti, kowane buji yana ƙyastawa sau 25 a cikin daƙiƙa ɗaya. Ɗingishi shi ne silinda ɗaya ta riƙa tsallake nata bugun, ko wani lokaci ko kullum.

Abubuwa uku kowace silinda take bukata: wuta mai ƙarfi a daidai lokacinta, esansi da iska daidai gwargwado, da matsi, wanda makanikai ke kira kwamfareshan. Duk ɗingishin duniya daga ɗayan ukun nan yake fitowa. Na wuta shi ne ya fi yawa a tsofaffin motoci kuma shi ya fi araha. Na esansi da iska yana bi masa. Na matsi shi ne mai tsada, shi ne kawai ke iya kai mu ga buɗe inji. Hankalin ɗan kasuwa ma ya isa ya gaya mana ta inda za a fara: daga gwajin da ba ya cin ko dala, a hau sannu zuwa mai cin jika.

Wasu sukan ce ai motar tana tafiya, a bar ta haka a yi ta lallaɓawa. Mu yi lissafi irin na kasuwa. A motar karbirater, silindar da ta mutu ba ta daina zuƙar esansi ba, tana zuƙa tana fitar da shi ɗanye ta salansa. Wato kashi ɗaya cikin huɗu na abin da aka zuba a tanki iska ke sha. Daga Maraɗi zuwa Damagaram kusan kilomita 240 ne, zuwa da dawowa 480. A ce motar tana shan lita 10 a kowane kilomita 100, lita 48 ke nan, rubu'insu lita 12. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta sauke litar esansi zuwa sefa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya. Ko da wannan farashi, lita 12 sun kai kusan jika 6 a tafiya guda. Mai zuwa sau biyu a mako ya zubar da wajen jika 48 a wata. Buhun albasa nawa za a sayar kafin a ci wannan riba?

Sa'annan akwai asarar da ba ta bayyana nan take. Ɗanyen esansin da bai ƙone ba yana wanke man da ke jikin silinda, segman su riƙa gugar ƙarfe a bushe. Yana kuma zurara ƙasa ya gauraya da man inji ya tsinka shi, duk sauran gaɓoɓin inji su rasa santsi. Ciwon da buji ɗaya zai warkar a watan nan, in aka yi watanni ana tafiya da shi, zai iya komawa ciwon sauke inji na gaskiya. Ga kuma haɗari: motar da ta rasa rubu'in ƙarfinta, ɗauke da kaya, in ta fita wuce babbar mota a kan hanyar Ƙonni ko ta Tasawa, lissafin direba ba zai yi daidai ba.

Me ya sa to ake ta canza kaya da ka maimakon a bincika? Gaskiya ɗaya ce, al'adarmu ta biya ita ta haifar da haka. Mun saba ba mu biyan makaniki sai mun ga ya kwance wani abu ya ɗaura sabo. In ya yi awa ɗaya yana saurare da gwaji, ya gano waya ɗaya ce ta tsage, ya gyara cikin minti biyar, sai mu ce ai bai yi komi ba, mu miƙa masa kuɗin goro. In kuwa ya sauke inji ya baje shi a ƙasa kwana goma, sai mu biya ba musu, har mu yaba masa. Wanda ya san aiki ya yi asara, wanda ya yi ɓarna ya ci riba. Makaniki ma yana da iyali da yaran garaji da ke jiran abinci, dole ya bi inda kuɗi suke. In muna son aiki ya canza, sai biya ya canza tukuna.

Bincike na gaskiya yana farawa tun kafin a ɗaga kapo, da tambaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka direba shi ne shaida na farko. Yaushe motar take ɗingishi? In tana yi a tsaye, inji yana ralanti, amma da an ba ta wuta sai ta daidaita, sau da yawa iska ce ke shiga ta wata kafar da ba tata ba, ko wani tiyo ya tsage, ko gindin karbirater ya saki. In lafiya take a tsaye amma tana fizga sa'ad da aka yi mata lodi ko aka hau tudu, a zargi wuta, domin a lokacin matsi ya fi yawa, raunanniyar wuta ba ta iya tsallaka bakin buji. In sai an yi gudu sosai take shiɗewa, esansi ne ba ya isa, a duba filta da famfon esansi. In da safe ne kawai ko bayan ruwan damina, danshi ne a cikin hular delko ko a wayoyi. In kuwa sai ta yi tafiya ta yi zafi take farawa, ta huce ta daina, bobin ko kondansater ne suka gaji. Makanikin da bai yi wa direba waɗannan tambayoyi ba ya riga ya zubar da rabin amsa.

Mataki na biyu shi ne gano silindar da ta mutu. A tsohuwar mota mai delko, ana barin inji yana ralanti, a cire wayar buji ɗaya bayan ɗaya. In aka cire wayar silinda mai aiki, inji zai ƙara faɗuwa ya ƙara girgiza. In aka cire ta wadda ta riga ta mutu, babu abin da zai canza, ita ce ke nan. Wannan aikin makaniki ne mai filaya mai roba a hannu, don bobin tana ɗaga wutar batir daga volt 12 zuwa sama da dubu goma, ba abin da za a tura yaro ya kama da hannu ba ne. A motoci masu wutar lantarki ta zamani ba a fizge waya haka, sai dai a cire soket ɗin anjekter ko na bobin. In silinda ɗaya ce tak, ciwon nata ne ita kaɗai: bujinta, wayarta ko matsinta. In ɗingishin yana yawo daga wannan zuwa waccan, to abin da suka haɗa ne, wato delko, bobin, karbirater ko esansin kansa. Da wannan gwaji na minti biyar an riga an kore rabin kayan da za a ce a sayo.

Mataki na uku, a kwance buji huɗun a jera su bisa tsari a karanta fuskarsu, kuma mai mota ya tsaya ya gani da idonsa. Buji mai lafiya bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, a bushe. Baƙi mai toka busasshiya yana cewa esansi ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Baƙi mai maiƙo yana cewa man inji yana shiga silinda. Fari fat kamar an gasa shi yana cewa esansi ya yi kaɗan, silinda tana zafi. Wanda ya jiƙe yana warin esansi bai ƙyasta ba sam. Wanda kuma ya fito tas kamar an wanke shi alhali sauran suna da datti, a ji tsoron ruwan radiyater ne ke shiga. Daga nan sai gwajin musanya, wanda ba ya cin ko sisi: a ɗauki bujin silindar da ta mutu a kai shi maƙwabciyarta, a kawo na maƙwabciyar nan. In ciwon ya bi bujin ya koma can, buji ne. In ya tsaya inda yake, a musanya wayoyi masu tsawo ɗaya a sake gwadawa. In har yanzu bai motsa ba, sabon buji da sabuwar waya ba za su yi komi ba, kada a saya.

Motar da ta daɗe a ajiye tana da nata cututtuka, kuma a wajen wuta suna da yawa. Ɓeraye sukan ci wayoyi. Robar wayar buji takan bushe ta tsattsage, wuta ta riƙa tsalle zuwa jikin inji. In aka tayar da motar cikin duhu aka leƙa, ana iya ganin tartsatsin da ido. Hular delko takan yi siririn tsagi da baƙin layi a ciki. Bis ɗin delko, ƴan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa, sukan yi tsatsa ko tazararsu ta ɓaci. A irin su 504 tazarar ba ta wuce milimita 0,4 ba, kuma da ma'auni ake saita ta, ba da ƙiyasin ido ba. Akwai ma kuskuren da ya fi kowane sauƙi: lokacin wanke inji an cire wayoyi, aka mayar da biyu a gurbin juna. Inji zai yi ta harbi kamar bindiga, alhali gyaransa musanya waya biyu ne.

In wuta ta fita daga zargi, sai a koma ga esansi da iska. Esansin da ya kwana shekaru a tanki yana lalacewa ya zama kamar ƙaro, ya toshe ƴan ƙananan kafofin karbirater da ake kira jikler. Tankin kansa yana tsatsa daga ciki, da an zuba sabon esansi sai tsatsar ta taso ta bi tiyo. Don haka wanke karbirater ba tare da wanke tanki da canza filta ba wahalar banza ce, kwana biyu zai sake toshewa. Ga kuma ruwa-ruwan bakin hanya. Tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya daina araha irin ta da, amma inda babu gidan mai dole a saye shi, kuma jarkar da ta sha hanya tana iya ɗauke da ruwa ko ƙasa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsiyayi kaɗan daga motar a zuba a farar kwalba a ajiye. Ruwa ya fi esansi nauyi, zai kwanta a ƙasa a gan shi. Filtar iska ma a duba ta, don ƙurar hunturu tana toshe ta. Masu cire ta su yar don wai mota ta sha iska su sani, ƙurar da filta ta tare yanzu cikin silinda take shiga, kuma aikinta a can aikin dutsen niƙa ne.

Sai bayan duk wannan ake zuwa ga matsi, kuma shi ma auna shi ake yi. Akwai ɗan ma'auni mai agogo da ake ɗaurawa a ramin buji. A ɗumama inji, a cire buji duka, a katse wutar bobin, a taka totur har ƙasa, a murza makulli, a rubuta abin da kowace silinda ta nuna. Abin dubawa shi ne kada su bambanta da juna fiye da wajen kashi 10 cikin 100. Misali, in aka samu 10, 10, 4, 10, ciwon yana cikin ta uku. Sai a zuba mata cokali ɗaya na man inji ta ramin buji a sake aunawa. In lambar ta tashi, segman ne suka cinye. In ba ta motsa ba, supap ce ba ta rufewa, kuma kafin a buɗe komi a fara duba saitinta, don supap da aka ɗaure da yawa tana zubar da matsi, kuma saita ta aikin awa ɗaya ne. In aka samu 10, 5, 5, 10, biyu maƙwabta sun faɗi tare, yawanci juwan kilas ne ya ƙone a tsakaninsu. Ciwon supap da na juwan kilas, kan inji kawai ake ɗagawa, injin yana zaune a wurinsa. Ke nan ko a cikin cututtukan matsi ma, ba kowane ne ke bukatar a sauke inji ba.

Wannan awo shi ya kamata ya zama abu na farko da za a yi wa duk tsohuwar motar da ake son tayarwa, tun kafin a biya kuɗinta in saye za a yi. Amma mun saba farawa daga baya. Sai a kai ta wurin mai fenti, a ɗinka kujeru, a rubuta kirari a bayanta, a sa sababbin tayu, sa'annan a tuna da inji lokacin da jari ya ƙare. Idan silinda huɗun duka sun nuna matsi ya faɗi, mai mota ya san babban aiki na jiransa, sai ya zauna ya yi lissafi: ya gyara wannan, ya sayi wani inji na hannu, ko ya haƙura da motar ya bar kuɗinsa a cikin kasuwa. Haƙura tun da wuri ba abin kunya ba ne a wurin ɗan kasuwa.

Motocin da suka zo daga baya ma sun tsufa yanzu. Na Amurka tun daga 1996, da na Turai masu esansi tun daga 2001, duk suna da soket ɗin da ake jona na'urar bincike, wadda makanikai ke kira baliz. In ta nuna P0301, silinda ta 1 ce ke ɗingishi, P0302 ta 2, haka har ta 4, P0300 kuma yana nufin ɗingishin yana yawo. Na'urar ta faɗi inda ciwo yake, amma ba ta faɗi dalilinsa ba, gwajin musanya da awon matsi suna nan daram. Wanda ya jona baliz ya share lambar ya karɓi kuɗi, fitila ya kashe, ciwo yana nan. In fitilar inji tana ƙiftawa ana cikin tafiya, ɗingishin ya yi tsanani, a rage gudu a nemi garaji. Motocin gazuwal kuwa ba su da bujin ƙyasta wuta, nasu ɗingishin daga anjekter ne, ko iska a cikin tiyon mai, ko matsi, amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Mun san za a ce akwai tsofaffin makanikai da ke gane ciwon inji da kunne kawai, kuma gaskiya ne, muna girmama su. Sai dai wanda kunnensa ya gaya masa gaskiya ba ya tsoron gwaji, don gwajin zai gaskata shi cikin minti goma a gaban mai mota. Za a kuma ce buji ba shi da tsada, motar da ta shekara goma a ajiye ai dole a canza mata shi. Wannan ma haka ne, buji da filta da man inji duk a sabunta su. Amma a karanta tsofaffin kafin a yar, kuma a riƙa canza abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba. In aka canza biyar a lokaci guda motar ta warke, ba wanda ya san wane ne ya yi magani, huɗu an saye su a banza. In ba ta warke ba, an ƙara sababbin abubuwan zargi guda biyar, don sabon kaya ma yakan zo da ciwo.

Ga abin da muke ba ƴan uwa shawara su yi. Tun ranar da aka kai mota, a yanka kuɗin bincike dabam, a yi ciniki a kansa kamar kowane kaya, a kuma yarda za a biya ko da gyaran ya zama na waya ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski: wanda ya karɓi kuɗin bincike dole ya kawo amsa. Hajiya ba ta bukatar sanin sunan kowane ƙarfe kafin ta tsare kuɗinta. Ta ce: “Malam, wace silinda ce ta mutu? Da me ka gane? Nawa matsin kowace ya nuna? Rubuta mini a takarda.” Makanikin kirki zai ce: “Hajiya, zo ki gani,” ya nuna mata buji huɗu a jere. Wanda ya fusata da tambaya, a ɗauke motar a kai wani wuri. Kada a ba da kuɗin kaya duka a dunƙule, a riƙa bayarwa mataki mataki. Kuma duk abin da aka cire a dawo wa mai mota da shi a hannu.

Ƴan uwanmu masu sayar da kayan gyara, ku ma da ku muke. Akwai jabun buji da ke shigowa cikin kwali mai sunan manyan kamfanoni kamar NGK da Bosch, wanda in aka sa shi ba ya daɗewa yake mutuwa, a koma zargin makaniki. Ku faɗa wa mai saye gaskiya, wannan na asali ne, wannan kwaikwayo ne, ga kuɗin kowane, ya zaɓa da saninsa. Mu kuma masu saye mu tuna araha ba ta ado. Waɗanda ba su da mota, sai dai su yi lodi su biya, su ma suna da ta cewa. Mai kwandon tumatir ko mangwaro, in ta ji injin motar da za ta ɗauki kayanta yana tari tun a tasha, tana da haƙƙin ta jira ta gaba. In motar ta mutu a daji da tsakar rana, direba zai gyara gobe ya ci gaba, amma tumatir ba ya jiran gobe, kuma babu mai biyan ta.

A ƙarshe muna kira ga sandikar masu motocin haya da ƙungiyoyin makanikai a garuruwanmu. Ma'aunin matsi da ma'aunin tazara ba manyan na'urori ba ne, ko garaji ɗaya bai iya saye ba, garaji uku suna iya haɗa kuɗi su riƙa amfani da su tare. Iyayen gidan garaji su koya wa yaransu gwaji kafin su koya musu kwancewa, cibiyoyin koyon sana'a kuma su buɗe ƙofa ga waɗanda suka riga suka tsufa cikin aikin. Mu ƴan kasuwa namu shi ne mu fara biyan mai bincike haƙƙinsa tun daga motar da ke garaji yanzu. Allah ya sa albarka a cikin nemanmu, ya kai matafiya gida lafiya. Wassalam.